BAƘIN DA SUKA ZAUNA A BAKIN RUWAN YAURI: DAGA MUNGO PARK ZUWA RIGATA



Duk lokacin da hotunan bikin Rigata suka fara yawo a Facebook, sai ka ga magana guda tana ta dawowa a ƙarƙashinsu: ina ma a ce Turawa da sauran baƙi na ƙasashen waje za su riƙa zuwa kallo, su kashe kuɗinsu a Yelwa, su kai sunan Yauri duniya. Fata ne mai kyau, ni ma ina yin sa. Amma wasu suna maganar kamar ba a taɓa ganin Bature a bakin ruwan nan ba. To jama'a, ƙasar nan ta haura shekara 200 tana karɓar irin waɗannan baƙi. Wasu wucewa suka yi, wasu an tsare su sun jira, wasu da bindiga suka zo, wasu kuma da littafi da alƙalami. Ina so mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga yadda suka zauna da mutanenmu, abin da suke yi idan sun tashi daga aiki, abin da suka tafi da shi da abin da suka bar mana. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Kafin Bature, baƙin Yauri fatake ne. Hanyar goro da ta taso daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ta wannan yankin take ƙetare Kwara. Ayari zai sauka da jakuna, a yi ciniki da masu jirgi, a biya fito, a kwana a zango. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Bareshe, su ne ke riƙe da tsibirai da jirage. Kambari da Dukkawa suna tudu, Shangawa suna can arewa wajen Shanga, Lopawa suna bakin ruwa ta kudu, ga Sarkawa masunta, ga Nufawa 'yan kasuwa, ga Fulani da shanunsu. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu Ngaski, ɗan ƙasar nan, ya yi aikin digirinsa na biyu a Zariya a 1968 a kan sarautar Yauri a ƙarni na 19, sannan a 1978 ya fitar da littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Wanda ya karanta shi zai gane cewa zama da baƙo tsohuwar sana'a ce a nan, kuma tana da ƙa'ida: baƙo ya gaida sarki, ya biya haƙƙin hanya, ya nemi izinin masu ruwa kafin ya shiga ruwansu.

Baturen farko da tarihi ya rubuta zuwansa shi ne Mungo Park. Ya taso daga Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a watan Nuwamba 1805, a jirgin da ya haɗa da kansa, da nufin ya bi kogin har inda ya ƙare. Daga cikin Turawa sama da 40 da suka faro tafiyar, biyar ne kawai suka rage har da shi kansa. A farkon 1806 suka iso ƙasar Yauri, kuma a nan ne yarjejeniyarsa da tafintansa Amadi Fatuma ta ƙare. A labarin da Amadi ya bayar daga baya, Park bai je ya ga sarki da kansa ba. Ya ba wani dagaci kyautar sarki ya ce a kai masa. Dagacin ya tambaya ko Baturen zai dawo, da ya ji ba zai dawo ba sai ya riƙe kayan, aka gaya wa sarki cewa baƙo ya wuce bai gaishe shi ba. Jirgin ya ci gaba har duwatsun Bussa, a can ya maƙale, aka yi faɗa, Park da mutanensa suka halaka a ruwa. Mutumin da ya yi tafiyar dubban kilomita a kan Kwara, bai zauna da mutanen bakin kogin ya ji yadda ake bin ruwansu ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Bayan shekara 24 sai ga 'yan uwa biyu, Richard da John Lander. Sun hauro daga Bussa a jirgi, suka shiga Birnin Yauri a ƙarshen watan Yuni 1830, suna neman takardun da Park ya bari. Su ne Turawan farko da za a ce sun yi zama a ƙasar nan, wajen mako biyar. Zaman bai yi musu daɗi ba: ga zazzaɓi, ga damina, ga kuɗi ya ƙare har suna sayar da allura a kasuwa don su samu wuri. Sarki kuma bai yi gaggawar sallamarsu ba. Abin da ya fi ba ni dariya a labarinsu shi ne maganar gashin jimina. An fige jimina aka ba su gashin su kai wa sarkin Ingila, sannan aka ce ai wannan bai isa kyautar sarki ba, sai su dakata wani ya tsiro. Sarkin da ake tara wa gashin, Joji na Huɗu, ya riga ya rasu ranar 26 ga Yunin nan, babu wanda ya sani daga su har mai masaukinsu. A farkon Agusta aka sallame su ba tare da takardun ba, suka gangara, a watan Nuwamba suka fita teku, suka warware tambayar da ta ci ran Park.

Amma ku lura da abin da zaman dole ya haifar. Saboda sun rasa abin yi, sai suka yi ta kallo suna rubutawa. Sun yi maganar girman ganuwar birnin, da albarushin da ake haɗawa a gari, da sirdi da saƙa, da noman baba da taba da alkama, da albasa, da shinkafa mai yawa kuma mai kyau. Albasa da shinkafa fa, a 1830. Abin da motoci ke lodi a Yauri yau zuwa kudu shi ne dai abin da baƙin nan suka tarar kusan shekara 200 da suka wuce. Duk wanda zai ce maka noman rani sabon abu ne da wani shiri na gwamnati ya kawo mana, ka ba shi wannan labari.

Sai zamanin bindiga. Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da sarauta a Yelwa a 1888, bayan shekarun rikici da suka sa aka bar Birnin Yauri. Ba a daɗe ba Ingilishi da Faransawa suka fara tseren mallakar Borgu da bakin Kwara, aka girke sojan Ingilishi a Yelwa. A 1898 wani hafsa mai suna Keating ya je wani tsibiri kusa da Yelwa da sojojinsa don su karɓi jirage da ƙarfi, mutanen tsibirin suka ƙi, aka kashe shi da mutanensa, daga baya aka zo aka yi ramuwa a kan tsibirin. Jirgi a wurin Bagunge shi ne gonarsa, shi ne dokinsa, shi ne hanyar asibitinsa da kasuwarsa. Wanda ya taɓa shi ya taɓa rai.

Da mulkin Turawa ya zauna, aka fara sa Yauri a Lardin Kontagora, daga baya aka mayar da ita Lardin Sakkwato. A nan ne aka fara samun irin rayuwar baƙi da muke gani a tsofaffin hotuna: Di'o a gidansa can gefen gari, da kuku da boyi da mai doki, yana fita rangadi da 'yan alaro, yana sauka a bariki. Bature ɗaya ko biyu ne a ƙasa guda, babu kulob irin na Kaduna ko Jos, saboda haka hutunsu a waje yake. Da la'asar a hau doki, ko a ɗauki bindiga a nemi zabi da agwagwar ruwa, ko a shiga jirgi da ƙugiya ana neman giwan ruwa da tsage. Kuma a duk wannan shaƙatawa, wani ne ke tuƙa jirgin, wani ne ya san inda dorina take kwana, wani ne ya san lokacin farin ruwa na damina da baƙin ruwan da ke isowa da hunturu daga can ƙasar Gini. Abin da yake hutu a wurin baƙo, aiki ne da ilimi a wurin ɗan gari. A hotunan kuwa sunan Baturen ake rubutawa, mai tuƙin sai dai a gan shi tsaye a baya da gora a hannu.

Cikinsu akwai wanda ya mai da lokacin hutunsa na koyo. P. G. Harris ya yi aikin mulki a Lardin Sakkwato, ya zauna da dattawa yana tambaya. A 1930 ya buga dogon bayani a kan ƙasar Yauri da ƙabilunta a wata mujallar masana a Landan. A 1932 ya rubuta a kan ganguna da kayan kiɗan lardin, a 1942 a kan masuntan Kabi, a 1946 kuma a kan harshen Gungawa. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, da idon mai mulki ya kalle mu, kuma dole a karanta shi da wannan a rai. Duk da haka, ɗalibinmu da zai yi bincike a kan Yauri yau, da wuya ya gama bai bi ta kan Harris ba. Wannan ya kamata ya dame mu. Dattawan da suka ba shi labarin namu ne, amma takardar tana hannun wasu.

Ita kanta Rigata tana ɗauke da wannan tarihi a sunanta. Kalmar daga bakin Turawa ta fito, sunan da suke kiran tseren jirage ke nan, harshenmu ya lanƙwasa ta. Abin da ake nunawa kuwa ya girmi sunan nesa. Dattawa suna cewa asalinsa fitar mazajen Gungawa ne a jirage don farautar dorina da nuna shirin yaƙi a ruwa, daga baya ya koma abin da ake yi don tarbar manyan baƙi. Baƙo ya ba da suna, 'yan gari suka ba da jirgi da ƙarfi da ganga. Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda yake kan gado tun 1999, a zamaninsa ne bikin ya sake samun wannan tashe da muke gani, Allah ya ƙara masa lafiya.

Baƙin da suka fi kowa canza mana rayuwa su ne na madatsar Kainji. An fara aikin a 1964, aka gama a 1968, kuma haɗakar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ce ta gina. A can ƙasa wajen Sabuwar Bussa aka yi unguwar manyan ma'aikata, da wutar lantarki da ruwan famfo da kulob, ƙaramin Turai a tsakiyar daji. Da aka datse ruwa, tafki ya kwanto mai tsawon kilomita wajen 135, har kusa da Yelwa. Mutum kimanin 44,000 aka tayar. Tsohuwar Bussa ta nutse da duwatsun da suka ci Mungo Park. Babban tsibirin Foge ya shiga ruwa, haka tsibiran Gungawa da yawa, da gonakin albasar da ake ba ruwa da ƙwarya, da kaburburan iyaye da kakanni. Wani maginin Ingila, Robin Atkinson, shi ya zana gidajen da aka mayar da mutane, na siminti da rufin asbesto. A takarda sun yi kyau. Mutanen da suka shiga cikinsu kuwa da yawa sun ƙara nasu ɗakunan ƙasa da rumbu a gefe, don gidan da ba a tambayi mai shi ba kafin a gina, sai mai shi ya gyara.

Ku haɗa hotunan biyu a ranku. A gefe guda injiniya ya tashi aiki ranar Lahadi, ya shiga kwalekwale mai inji yana yawo a sabon tafki, yana cewa wuri ya yi kyau. A ƙarƙashin jirginsa akwai garin wani. Ban faɗi haka don a tsani kowa ba. Kainji ta ba Najeriya wuta, ta kuma kawo kamun kifi mai yawa a shekarun farko, har masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Nufe da ƙasar Mali, waɗanda har yau ake danganta wata irin gura da sunan ƙasarsu. Na faɗa ne don mu tuna wanda ya biya kuɗin wannan kyan gani, musamman da yake akwai ƙauyukan bakin tafkin da har yanzu suke kwana a duhu.

Bayan maginan sai masu bincike. An kafa aikin binciken tafkin da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi ne ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa. Wolf Roder, masanin labarin ƙasa, ya bi manoman albasa yana auna yadda suke ban ruwa, ya dawo bayan shekaru ya ga yadda suka ƙare, ya fitar da littafi a 1994. Frank Salamone, Ba'amurke, ya zauna a ƙasar Yauri a farkon shekarun 1970. Shi filin kokawa ya mai da ajinsa. Ya rubuta a kan kokawar Gungawa da yadda take bambanta su da maƙwabta, kuma a 1975 ya buga wata maƙala a kan yadda Gungawa ke komawa Hausawa sannu a hankali, suna barin harshe da suna. Shekara 50 ke nan da wannan magana. Ku duba gidajenku: yara nawa ne yau za su iya gaida kakarsu da Tsureshe su kuma amsa mata?

Akwai kuma baƙin da ba a cika rubuta su ba. Mu da muka yi makarantun gwamnati a wancan zamani mun san malaman Indiya da Pakistan da Gana da suka koyar da lissafi da kimiyya a Arewa. Su ba kulob gare su ba. Kasuwarmu suke ci, kifinmu suke saye, ƙwallo suke bugawa da ɗalibai da yamma, wasu har Hausa ta kama bakinsu. Korar baƙi ta 1983 da karyewar naira daga baya suka kwashe su. A ganina su ne suka fi kusa da abin da ake kira zama da mutane, kuma su ne tsofaffin ɗalibai suke ambata da alheri har yau.

A shekarun 1990 Jamusawa suka zo da aikin haɗin gwiwa na bunƙasa kamun kifi a tafkin, wanda aka fara a 1993. Sun ƙirga jirage da komaye, suka nuna cewa dala, wato babban tarun da ake ja daga gaɓa don kama warangi, tana kwashe 'ya'yan manyan kifi tun ba su girma ba. Abin da ya sa maganarsu ta yi tasiri shi ne sun bi ta hannun masarautu da sarakunan ruwa. Suka koma kan ƙa'idar nan ta zamanin fatake: a gaida masu wuri tukuna.

To yanzu ina baƙin suke? Gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979, inda a da iyalan baƙi ke tahowa daga Kaduna da Legas su kwana su kalli namun daji, yau labarin 'yan bindiga ake ji daga cikinsa. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse a ruwa da mutane sama da 150, kaɗan ne suka tsira. Bayan mako uku, ranar 17 ga Yuni, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai da malamai, na ƙarshen 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. A garin da aka tsare 'yan Lander mako biyar saboda gashin jimina, a nan aka ɗauke 'ya'yanmu kusan shekara biyu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyaye haƙuri.

Wallahi jama'a, babu tallar da za ta kawo mutum daga Turai ya shiga jirgin da ɗan gari ke shiga da fargaba. Saboda haka idan muna son baƙi, daga kanmu za a fara.

Na farko, ruwan ya zama amintacce ga mai zuwa kasuwa. Rigar ruwa ga kowane fasinja, iyaka ga lodi, hana tafiyar dare, da sa alama a wuraren da kututturan itatuwan da tafki ya nutsar suke jiran jirgi. Wannan aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa ne da jiha da ƙungiyoyin masu jirgi, amma mu fasinjoji ma sai mun daina yi wa mai jirgi tsawa idan ya ce ya cika.

Na biyu, mu rubuta kanmu. Waɗanda aka tayar daga tsibirai a 1968 suna da ƙuruciya, yau sun haura shekara 70. Kowa yana da waya a hannu. Ka zauna da tsohonka ka ɗauki muryarsa: sunan tsibirinsu, inda rijiya take, inda ake kokawa, waƙar da ake yi wa mai tuƙi, sunayen kifi da harshensu. Jami'o'in Birnin Kabi da Aliero da Sakkwato su karɓi irin wannan a matsayin aikin ɗalibai. Abin da Harris da Roder da Salamone suka rubuta kuma a nemo shi, a fassara, a ajiye a Yelwa inda jikokin masu labarin za su karanta su ce nan daidai ne, nan an yi kuskure.

Na uku, idan baƙon ya zo, a san wa zai amfana. Mai tuƙi, da mai ganga, da matar da ke banda kifi a gaɓa, da yaron da zai yi tafinta, su ne bikin. A biya su da daraja, a rubuta sunayensu a ƙarƙashin hoto. Baƙo raɓa ne, da rana ta ɗaga zai tafi. Mai jirgi yana nan gobe da jibi.

Wanda yake da tsohon hoto na Yelwa ko Wara ko Shanga, ko na tsibiran kafin ruwa ya ci su, ko wanda kakansa ya yi wa wani Bature tuƙi ko aiki a madatsa, don Allah ya kawo mu gani, mu haɗa abin da ke hannunmu wuri guda tun masu shi suna raye.

Allah ya zaunar da ƙasar Yauri lafiya, ya tsare masu tafiya a ruwa da tudu, ya dawo mana da kwanciyar hankali. Amin.